Ranar da Aka Kai Wasanmu Ƙofar Mai Unguwa

Ranar wata Talata ce bayan la'asar, cikin bazarar da ta biyo shekarar nan da damina ta ɗauke da wuri, gero ya bushe a tsaye. Muna zaune mu huɗu a gindin tsamiyar bayan gidanmu, mun sunkuyar da kai a kan wani zane da aka yi a ƙasa da tsinke: ni, da Talatu 'yar baffana, da abokina Ado, da Kawu Isiyaku ƙanin mahaifiyata. Ɗan dutsen wasanmu yana hannuna, na dunƙule shi ina karkaɗawa zan jefa, sai inuwa ta rufe mu. Kafin mu ɗaga kai wata ƙafa mai faso ta sauka a tsakiyar zanen, ta share kogi da tsauni da birni gaba ɗaya. Malam Buba ne, mahaifin Ado. Ko sallama bai yi ba. Ya kama kunnen ɗansa ya miƙar da shi tsaye, sannan ya nuna Kawu da yatsa ya ce, "Isiyaku, ko dai kana leƙa rumbunan mutane, ko kuma kana aiki da aljanu. Gobe za ka zaɓi ɗaya a gaban mai unguwa." Kawu ya buɗe tafin hannuna a hankali, ya ɗauki dutsen, ya jefa shi cikin gwangwaninsa ya rufe. Duk da ƙuruciyata na san abin da wannan magana take nufi. In aka tabbatar masa da ɗaya daga cikin biyun, Kawu zai bar garinmu, kuma ba shi da inda za shi.

Wanda bai ga wannan shekara ba ba zai gane yadda zukatan mutane suka zama ba. Ƙauyenmu yana arewa da Kano, inda gonaki suke manne da juna, iyakar wani ita ce mafarin wani, ba ka tafiyar kirki ba ka ga danga ko rumbu ba. A da, in aka ɗora tukunya a gida ɗaya, yaran maƙwabta ma sun san da rabonsu. Amma a bazarar nan kowa ya koma kallon kowa da gefen ido. Mata suka daina daka da ƙarfi, sai su shimfiɗa tsumma a ƙarƙashin turmi don kada a ji daga waje a san akwai hatsi a gidan. In hayaƙi ya tashi a wani gida sau biyu a wuni, sai ka ji ana raɗa a bakin rijiya. In akuya ta ɓata, kafin a neme ta an riga an ambaci sunan mutum uku. Mu yara ana tura mu tsinko tafasa da rama, a kwaɗa da ɗan ƙuli, da safe kuwa kunun tsamiya ne tsululu wanda kana iya ganin fuskarka a ciki. Abu ɗaya ne kowane magidanci yake tsaro kamar ransa, wato irin shuka, zangarniyar da aka zaɓa aka ajiye a rumbu aka liƙe, ana jiran ruwan farko.

Cikin wannan hali Kawu Isiyaku ya dawo. Ya yi shekaru yana aikin shara da ban ruwan fulawa a gidajen malaman sabuwar jami'ar da ke wajen Rijiyar Zaki, sai aka rage ma'aikata, aka sallame shi. Iyayensa sun rasu, gonar gadonsu an sayar tun yana yaro, Innata ce kaɗai ta rage masa. Ya zo da tabarma a naɗe da buhun kaya wanda bai cika ba. Baba ya ba shi ɗakin zaure, amma na ji da kunnena lokacin da yake ce masa, "Ga wuri nan, abin da muka ci za ka ci. Sharaɗina ɗaya ne, kada ka jawo mini magana a gari." Kawu ya riƙe wannan sharaɗi iyakar ƙarfinsa. Shi ne kai taki gona a mangala, shi ne gyaran danga, shi ne sassabe. In an zuba abinci shi ne farkon tsame hannu. Mutum ne siriri mai sanyin murya, amma mutanen gari ba su saki jiki da shi ba, don ya zauna da Turawa da baƙi, ya iya karanta lamba, kuma yana da wani gwangwani da ba ya rabuwa da shi.

Ni na fara ganin abin da ke cikin gwangwanin. Muna kiwon awaki a fako, na dame shi da tambaya, sai ya buɗe ya juye mini a hannu. Wani ɗan abu ne ja mai sheƙi, bai wuce ƙwallon magarya babba ba, yana da fuskoki har ashirin, kowace da lambar boko fara. Ya ce ɗan wani Baturen malami ne ya ba shi ranar da za su koma ƙasarsu. Ya ce yaron da abokansa sukan zauna a barandar gida su yi wani wasa, ɗaya yana ba da labari, sauran kowa ya zama mutum a cikin labarin, shi kuma yana ban ruwa yana kallo har ya gane yadda abin yake tafiya. Turancinsu bai ji duka ba, don haka sai ya ƙera nasa. Washegari na kira Ado da Talatu, Kawu ya share ƙasa da tafin hannu, ya zana kogi da hanya da tsauni, ya ce wannan ita ce Ƙasar Bayan Rana, shi ne madugu, mu ne ayari. Dokar wasan ba ta da yawa. Madugu zai faɗi inda muke da abin da ke gabanmu, sai ya dubi mutum ya ce, "To, me za ka yi?" In abin da ka zaɓa mai wuya ne sai ka jefa dutsen. Lamba babba ka yi nasara, ƙarama ka sha kashi. Muka sa wa dutsen suna Alƙali, wasan kuma muka kira shi Tafiya.

Kawu ya ce kowa ya ƙirƙiri mutuminsa, amma dole a ba shi baiwa ɗaya da aibi ɗaya, don wanda ba shi da aibi labarinsa ba ya daɗi. Ni na zama Guduma, maƙerin da wuta ba ta ƙona hannunsa, yana lanƙwasa ƙarfe kamar kara, amma yana tsoron ruwa ko da na kwatami ne. Ado ya zama maharbi mai suna Baushe, kibiyarsa ba ta kuskure, sai dai mantuwa gare shi, kuma yana da kare makaho wanda yake haushi duk lokacin da aka yi ƙarya a kusa da shi. Talatu kuwa cewa ta yi ita tsohuwa za ta zama. Muka yi ta dariya, ta murguɗa baki ta ce, "Ku yi ta dariya, tsohuwa dai ba a aiken ta ɗebo ruwa." Ta zama Iya Mai Tulu, wadda ta kama guguwa ta rufe a tulu, in ta buɗe sai runduna ta watse, amma ba ta iya wuce kasuwa ba ta tsaya cin abinci ba. Wannan aibi ita ta zaɓa da kanta, kuma mu duka mun ci moriyarsa, domin duk garin da muka shiga sai Kawu ya kwatanta mana tuwon shinkafa da miyar taushe da man shanu yana narkewa a kai, mu kuwa muna haɗiyar yawu, cikinmu yana kuka, muna jin kamar mun ci.

Abin da ya fitar da mu tafiya shi ne Sarkin Fara ya sace ruwan sama ya ɗure shi a gora, ya rataye a ƙolin wani tsauni, mu za mu je mu ƙwato. Mun ƙetare Kogin Toka, inda Guduma ya ƙi shiga jirgi sai da aka ɗaure masa ido. Mun kwana a Birnin Gishiri, inda bango da ƙofa duk gishiri ne, awakin ayari suka lashe kusurwar gidan sarki aka kama mu. Mun yi ciniki da wani kurege mai rawani wanda karen Baushe ya yi wa haushi tun daga sallama har ban kwana. Saboda Tafiya muka zama yaran kirki ba shiri. Nakan gama ɗebo ruwa da sharar turke tun kafin a tuna mini, in mun tashi daga makarantar allo ba ma tsayawa langa ko ƙwallon tsumma, sai gindin tsamiya. Sai dai mu ma zargin zamani bai bar mu ba. Kawu kaɗai ya iya karanta lambobin, don haka duk lokacin da Alƙali ya kayar da Ado sai ya turo baki ya ce, "Kawu, cuta kake yi, ɗazu da wannan mai wutsiyar ta fito wa Talatu cewa ka yi ta ci." Sai Kawu ya yi murmushi ya zana lambar a ƙasa, ya nuna masa mai wutsiya sama da mai wutsiya ƙasa. A haka muka haddace kamanninsu, ba don son karatu ba, sai don kada a cuce mu.

Manya kuwa tun farko abin bai kwanta musu ba, kuma in na duba yanzu ba na ganin laifinsu sosai. Mutum ya share ƙasa, ya yi zane da tsinke, ya jefa wani abu ya ƙura masa ido, sannan ya faɗi abin da zai faru. A garinmu mutum ɗaya aka sani da wannan aiki, shi ne mai bugun ƙasa. Wasu suka ce a'a, jifan ya fi kama da na 'yan caca. Kakarmu ta wajen uba kuma damuwarta daban, ita tatsuniya da rana ce ta tsaya mata a rai, don mun tashi an gaya mana wanda ya yi ta zai ɓata a hanya. Takan leƙo ta kan danga ta ce, "Ku dai ku ci gaba, ranar da kuka kasa gane ƙofar gidanku kada ku kira ni." Mata masu wucewa da tulu sukan rage tafiya su kasa kunne, in mun ɗago su kau da kai. Inna ta ja Kawu gefe ta ce ya yi wa Allah ya bari, ya ce, "Yaya, wasa ne fa, yaran nan yunwa suke mantawa." Ta ƙyale shi, don ta san gaskiya ne.

Ana nan sai ayarinmu ya sauka a wani ƙauye a gindin tsauni, mutanen ƙauyen suka roƙe mu mu tsare musu rumbun irinsu daga rundunar fara. Muka tsare, Iya Mai Tulu ta buɗe guguwarta, Guduma ya ƙera ƙofar ƙarfe, fara suka gudu. Muna murna sai aka zo kan maganar ƙarƙashin rumbu, aka jefa Alƙali, ya faɗi a lamba mafi ƙanƙanta. Kawu ya girgiza kai ya ce, "Kun tsare sama, an ci ku ta ƙasa. Gara ta shiga ta gindi, babu abin da ya rage sai ƙaiƙayi." Muka yi ta jimami kamar gaske, har Talatu ta yi ƙwalla, aka tashi.

Ba a jima ba hadari ya fara haɗuwa a gabas, magidanta suka shiga buɗe rumbuna don su shirya iri. Malam Buba ya hau tsani ya ɗaga murfin nasa, ya zura hannu, sai ya dafo jar ƙasa da ƙaiƙayi. Gara ta hau ta gindi ta cinye irin tas. Ado yana tsaye a wurin tare da maƙwabta, sai bakinsa ya suɓuce ya ce, "Lah, yadda Kawu ya faɗa!" Kafin azahar maganar ta zaga gari, kuma kowa ya ƙara mata gishiri. Wasu suka ce ya hango ne, wasu suka ce shi ya tura garar. Washegari wata dattijuwa da muke kira Iya Hansai, wadda ɗanta ya tafi cirani kudu aka daina jin ɗuriyarsa, ta zo zaurenmu da ɗan hatsi a ƙulle a bakin zane. Ta durƙusa ta ce, "Isiyaku, jefa mini dutsen nan ka duba mini ko Garba yana raye." Na ga idon Kawu ya sauka a kan ƙullin nan, don ranar ko kunu bai ishe mu ba. Amma ya ce, "Iya, wallahi ban san gaibu ba, wasan yara ne. Ki riƙe hatsinki, mu yi ta addu'a." Ta tashi da fushi, ta je tana cewa ya sani, rowa ce kawai. Ƙin da ya yi sai ya zama wata hujjar a kansa. Ni kaina a kwanakin nan na fara satar kallon gwangwanin, ina tambayar zuciyata ko akwai abin da Kawu bai gaya mana ba. A ranar da ta biyo baya ne Malam Buba ya taka mana zane.

Da safiyar ranar shari'a Baba ya tsaya a bakin zaure, bai shiga ba. Ya ce, "Isiyaku, na gaya maka tun farko. In suka ce kai ne, ba ni da bakin da zan kare ka." Inna tana daga ciki tana tankaɗe, na ga rariyar ta tsaya a hannunta. Da la'asar aka taru a ƙofar gidan mai unguwa, dattawa a kan buzu da tabarmi, matasa a tsaye, mata a bayan danga ana ganin idanunsu ta tsakanin kara. An kira mu mu uku mun tsuguna a gefen Kawu. Malam Buba ya yi magana mai tsawo, kuma ba wanda ya ga baikensa, don mutumin da ya rasa iri ana gab da shuka ya rasa shekara guda. Ya ce rumbunsa a liƙe yake tun kaka, ko shi bai san abin da ke ciki ba, to ta ina baƙo ya sani? Kawu ya ce wasa ne. Aka yi guna-guni. Wani daga baya ya ce, "Duk mai duba haka yake cewa in an ritsa shi."

Limaminmu, Malam Hamisu, tsoho ne mai jinkirin magana, ba ya yanke hukunci a kan abin da bai gani ba. Ya karɓi dutsen ya jujjuya shi, ya shinshina, ya miƙa wa Kawu ya ce, "Ku yi mu gani. Ku maimaita na ranar rumbun, kada ku rage kada ku ƙara." Kawu ya share ƙasa, ya zana tsauni da ƙauye. Mutane suka ja baya kaɗan, wasu suna karanta addu'a. Ya fara labari da muryar da ba tasa ba, ya zo inda fara suka gudu, sai ya ce, "Daga nan na ce musu gara ta shiga." Talatu, wadda ba ta taɓa barin kuskure ya wuce a wasa ba, ta manta a gaban wa take, ta ce, "A'a Kawu, ka tsallake! Kai cewa ka yi mu tashi mu kama hanya. Ado ne ya ce Baushe zai leƙa ƙarƙashin rumbu ya ga ko da gara, shi ne ka ce ya jefa." Liman ya juya ya dubi Ado. Ya tambaye shi a hankali me ya kawo masa tunanin gara. Ado ya sunkuyar da kai yana tonon ƙasa da yatsa, da ƙyar aka ji muryarsa. Ya ce ya shiga ƙarƙashin rumbunsu neman ƙwan kaza, ya ga jar ƙasa ta hau duwatsun gindi. Liman ya ce, "Ka faɗa wa wani?" Ya ce, "Na faɗa wa Baba, ya ce in tashi in ba shi wuri, manya suna magana."

Malam Buba ya kama gemunsa. Ba wanda ya dube shi, kowa ya sami abin kallo a ƙasa. Liman, don ya rufa masa asiri, sai ya yi gyaran murya ya ce wa Kawu, "To, bayan nan sai aka yi yaya?" Kawu ya ce ayari ya hau tsauni, ga ƙofar Sarkin Fara a rufe, ga wani ƙaton maciji ya naɗe a bakinta yana barci, ga gorar ruwan sama ana hango ta a rataye. Ya dube ni ya ce, "Guduma, me za ka yi?" Tsoron taro ya ɗaure mini harshe. Ina ta inda-inda sai na ji Liman ya ce, "Kai yaro, ba maƙeri ba ne kai? Ka ƙera awartaki ka danne kan macijin tun bai farka ba mana!" Na ce haka zan yi. Kawu ya miƙo mini Alƙali, na karkaɗa na jefa, ya gangara ya tsaya dab da buzun mai unguwa. Wallahi ina ganin wannan hoto har gobe: rawuna da huluna duk sun sunkuyo a kan ɗan jan dutse, waɗanda suka ja baya ɗazu suna ture juna. Mai unguwa da kansa ya ce, "Nawa ya ba shi? Ya danne ko bai danne ba?" Kawu ya ce, "Ranka ya daɗe, ashirin ce, babu sama da ita." Wani tsoho ya ce, "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi, sannan ya tuna kansa ya toshe baki. Dariya ta ɓarke har bayan danga.

Liman ya gyara zama, ya mayar da fuskarsa ta limanci. Ya ce shi dai a saninsa mai duba gaya wa mutum yake abin da zai same shi, bai taɓa jin wanda yake tambayar yara abin da za su yi ba, ya kuma jira dutse ya gaya masa ko shi ma ya yi daidai. Ya ce babu sata, babu duba, Isiyaku ya zauna lafiya. Amma ya ce dutsen ya yi kama da kayan caca, kuma zuciyar mutane ba ta da ƙarfi a wannan lokaci, don haka zai riƙe shi a wurinsa. Ya miƙa hannu, Kawu ya sa masa, ya jefa a aljihun gaba. Da muka koma gida aka kawo tuwo, Baba ya tura kwanonsa gaban Kawu ya ce, "Ƙara." Washegari ya auni ɗan iri daga namu, ya ce Kawu ne zai kai wa Malam Buba. Malam Buba ya karɓa ya yi godiya ga Baba, bai ba Kawu haƙuri ba, ranar ko bayanta. Da ruwa ya sauka, Kawu da Malam Buba suka yi shuka a gona ɗaya, ɗaya yana sara ɗaya yana binnewa, ba mai ce wa wani komai.

Zargin bai mutu gaba ɗaya ba. Iya Hansai har ta koma ga Allah tana cewa Isiyaku ya sani ya ɓoye mata, wasu matan kuma sukan janye 'ya'yansu in ya wuce. Amma ya zauna. Ya yi aure a garin, ya sami 'yar gonar aro, ya haifi 'ya'ya, kabarinsa yana maƙabartarmu kusa da na Inna. Tafiya kuwa mun ci gaba da ita da jan tsinke, dogo nasara, gajere faɗuwa, har muka ƙwato gorar, sai dai ba ta ƙara yin daɗin da ba, don tsinke ba ya gangarawa a riƙe numfashi. Alƙali ba mu sake ganin sa ba. Talatu ta rantse cewa wata rana da ta kai abinci zauren Liman ta ji ƙarar wani abu yana gangarawa a kan allo, da ta yi sallama aka yi wuf aka rufe da hannun riga. Ban gani da idona ba, amma har yau ina zargin tsohon nan, Allah ya jiƙansa.

Yanzu na manyanta, furfura ta fito mini, sai ga ni a ajin yaƙi da jahilci da yamma ina koyon abin da ban samu ba ina yaro. Ranar da malaminmu ya rubuta lambobi a allo, sai na ga ashe tsofaffin abokaina ne, ga mai wutsiya sama, ga mai wutsiya ƙasa, ga ashirin ɗin da ta danne maciji. Tsamiyar nan an sare ta, gonakin da muka kai wa taki an yanka su fuloti, gidajen bulo suna ta matsowa daga wajen Bacirawa. Yaran yanzu ba sa shan kunu tsululu, Allah ya sa kada su sha, kuma a cikin wayoyinsu akwai dodanni da birane da suka fi namu kyau nesa ba kusa ba, sai dai kowa shi kaɗai yake tafiyarsa, kansa a sunkuye, ba ayari ba madugu. Wani lokaci in na zauna a ƙofar gida nakan share ƙasa da tafin hannu ba tare da na sani ba, sai in tuna da siririn mutumin nan da ya kusa rasa matsuguni saboda mu. A duk garin, shi kaɗai ne babban da yake tambayar yaro abin da zai yi, ya kuma tsaya ya ji amsa.